Gwaggo, tun da na fara rage maganin damuwa nake jin kamar kuran na ja na a ka

Assalamu alaikum Gwaggo, ina wuni, ina gajiya. Ni malamar firamare ce a nan Maradi, shekaruna 33, 'ya'yana biyu. Shekara biyu da suka wuce na haihu, ɗan bai zo da rai ba. Daga nan na shiga wani hali: ba ci, ba barci, ba na son ganin kowa, ko wanka sai an matsa mini. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ni a kan Deroxat, ƙwaya ɗaya mai miligiram 20 kowace safiya. Alhamdu lillahi na samu sauƙi, fiye da shekara ke nan ina lafiya lau. Da aka koma lakwal a watan Oktoba muka yi shawara da shi in bar maganin: rabin ƙwaya kullum har mako biyu, sannan in sha rabi yau in huta gobe har mako biyu, sai in daina. Da na koma rabi na ɗan ji jiri, amma na daure. Tun da na shiga sha yau hutu gobe, Gwaggo, ban gane kaina ba. In na juya ido sai in ji wani abu ya ja ni cikin kai, zit, kamar kuran, wato wutar lantarki. Ga jiri, ga tashin zuciya, ga zufa, ga munanan mafarkai, ga kuka ba dalili. Shekaranjiya na daka wa wata yarinya tsawa a aji har ta fashe da kuka, abin da ban taɓa yi ba. Uwar mijina ta ce iska ce, a kai ni wajen ruƙiya. Maƙwabciyata ta kawo mini tramol ta ce zai tsayar mini da jiki, ban dai sha ba tukuna. Maigidana ya san ina shan magani, amma a zatonsa na olsa ne. Ina cikin tsoro. Na zama 'yar ƙwaya ne? Ciwon ne ya dawo? Ko hankalina ne zai taɓu? Ga shi kuma ina son in sake samun ciki.

Wata malama, Maradi

Wa'alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya sa yaron nan mai ceto ne, ya ba ki ladan haƙuri, ya raya miki 'yan'uwansa.

Kafin komai, tramol ɗin nan ki mayar wa mai shi yau ɗin nan, ki yi mata godiya, don na tabbata da kyakkyawar niyya ta kawo. Amma kada ki kai shi baki ko da rabin ƙwaya. Tramol ba ciwo kaɗai yake kashewa ba, yana taɓa sinadarin nan na ƙwaƙwalwa da ake kira serotonin, wanda shi ne Deroxat ke aiki a kansa. In suka haɗu a jini ɗaya suna iya jawo zazzaɓi mai zafi, rawar jiki, ɗaurewar tsoka, ruɗewa, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Kuma shi tramol shi ne ainihin mai kama mutum ya ƙi saki, ba sai na ba 'yar Maradi labarinsa ba, kin ga samarin da ya lalata a tasha da bakin kasuwa. Haka ma ƙwayar barci irin su diazepam da masu yawo da magani a tire ke sayarwa. Duk wadda ta miƙo miki, ki ce likita ya hana.

To, yanzu ki zauna ki saurare ni. Abin da kika lissafa a wasiƙarki, tun daga kuran ɗin har zuwa mafarkan, sananne ne a wurin likitoci, yana rubuce a littattafansu. Shi ne abin da jiki ke yi idan aka janye masa irin wannan magani da saurin da ya fi ƙarfinsa. Mu Hausawa ai mun san yaye. Akwai uwar da ke ɗaukar yaro rana ɗaya ta kai shi gidan kakarsa, ya kwana uku yana tsala ihu, ita kuma nono ya kumbura ya hana ta barci. Akwai kuma mai bi a hankali: ta fara cire na rana, ta saba masa da kunu da fura, na dare ya zo ƙarshe, har a rabu ba wanda ya ji a maƙwabta. Shekara biyu ƙwaƙwalwarki tana samun ƙwayar nan kowace safiya, ta gyara zamanta a kan haka. Yanzu an ce mata cikin wata guda ta koma yadda take da. Kukan yaye take yi.

Ba ke kaɗai ba ce. A 2024 wasu likitoci a Jamus suka tattara bincike 79 da aka yi a kan mutane sama da 20,000. Suka tarar kusan mutum ɗaya cikin uku na jin wani abu bayan barin maganin damuwa. Da suka cire waɗanda ke jin haka ko da ƙwayar da ba magani a ciki aka daina ba su, sai ya rage kimanin mutum ɗaya cikin shida ko bakwai da maganin ne da kansa ya jawo musu. Masu shan wuya sosai kuwa sun kai kusan 3 cikin 100. Kuma naki, wanda sunansa na asali paroxetine, yana sahun gaba wajen wahalar bari, shi da venlafaxine da ake sayarwa da sunan Effexor.

Kin tambaye ni ko kin zama 'yar ƙwaya. A'a, ɗiyata, wallahi a'a. Ɗan ƙwaya maye yake nema. Yau ɗaya, jibi biyu, wata mai zuwa biyar. Yana ƙarya, yana sayar da kayan ɗaki, zuciyarsa na wurin ƙwayar dare da rana. Ke shekara biyu kina kan ƙwaya ɗaya tak, ba ki taɓa ƙarawa ba, ba ta taɓa sa ki maye ba, kuma ke ce da ƙafarki kika je neman a raba ku. Jiki ya saba, shi ke nan. Akwai magungunan hawan jini da na zuciya da su ma ba a yanke su rana ɗaya saboda wannan dalili, kuma ba wanda ya taɓa kiran tsohuwa mai hawan jini 'yar shaye-shaye.

Batun ko ciwon ne ya dawo, nan ne ya kamata mu daɗe, don nan mutane da yawa ke ruɗewa, har likitoci wani lokaci. Ki tuna halin da kika shiga bayan haihuwar nan. Akwai kuran a ka a lokacin? Akwai jiri in kin juya ido? Ba ki ambace su ba. Abin da kika ambata shi ne rashin ci, rashin barci, gudun mutane, da mutuwar jiki har wanka ya gagara. Waɗannan na yanzu baƙi ne, ba ki san su ba sai da aka taɓa maganin. Wannan alama ce babba. Sannan ki duba lokaci. Wahalar rage magani takan sallama cikin kwana biyu zuwa huɗu bayan an rage, ta zo da ƙarfi, tana hawa tana sauka kamar igiyar ruwa. Ciwon damuwa in zai dawo ba ya zuwa da gudu haka. Yakan ɗauki makonni ko watanni yana rarrafowa, sai mutum ya wayi gari ya ga abin da ke faranta masa rai ya daina faranta masa. Alama ta uku ita ce ta fi yanke gardama: in an mayar da mutum kan adadin da yake lafiya a kansa, wahalar ragi kan lafa cikin 'yan kwanaki, wani ma kwana ɗaya ko biyu. Ciwon damuwa kuwa, kin sani da kanki, sai da maganin ya yi makonni kafin kika fara ganin haske.

Kukan da saurin fushin su ne suka fi tsorata ki, na gane, domin sun yi kama da na da. Su ma suna cikin wahalar ragi. Hankalinki kuwa yana nan daram. Wadda hankalinta ya gushe ba ta zama ta jera wasiƙa da lissafin makonni da miligiram kamar yadda kika yi. Na san abin da ke zuwa zuciyar ɗan Nijar in ya ji wani abu na motsi a kansa: sai ya hango Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, gabansa ya faɗi. Ki cire wannan hoto daga ranki. Wannan jan kuran ɗin ba farfaɗiya ba ne, ba shanyewar ɓarin jiki ba ne, kuma yana gushewa in jiki ya daidaita.

Abu ɗaya dai: muna ƙarshen damina ne zuwa kaka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitocin jihar Maradi. Kasala, zufa, ciwon gaɓoɓi da tashin zuciya duk yana kawo su. Ki sa a yi miki awon jini, a duba hawan jini da ƙarancinsa ma. Kada a ɗora wa ragin magani laifin sauro.

Yanzu ga inda nake ganin matsalar take. Paroxetine ba ya daɗewa a jini. Cikin kwana ɗaya rabinsa ya fita, cikin kwana biyu kashi uku cikin huɗu sun tafi. To in kika sha yau kika huta gobe, ba ragewa kike yi ba, jefa ƙwaƙwalwa kike sama kina cafewa: yau ta samu, gobe ta rasa, jibi ta samu. Kowane kwana biyu sai an yaye ta sabo. Wannan dabara takan yi daidai da magani irin fluoxetine, wato Prozac, wanda ke kwanaki da yawa a jini yana fita da kansa sannu a hankali. Amma ga naki, gara ƙaramin adadi kullum a kan lokaci da babban adadi ana tsallake rana.

Kada ki riƙe likitanki a zuci. Shekaru da dama haka aka koyar a ko'ina, cewa wata guda ya isa, wahalar ma ba ta wuce mako. Sai a 2019 hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, ta gyara maganarta ta yarda cewa ga wasu mutane abin na yin tsanani, yana kuma iya kai watanni. A wannan shekarar ce wasu masana biyu a Landan, Mark Horowitz da David Taylor, suka bayyana dalilin da ya sa ƙarshen ragi ya fi farkonsa wuya. Bari in kwatanta miki da koko. Cokalin sukari na farko shi ke sauya kokon gaba ɗaya. Na biyu ya ƙara kaɗan. Na huɗu da ƙyar harshe zai gane an sa. In kina ragewa, cire na huɗu ba wanda zai lura, amma ranar da kika cire na ƙarshe kowa zai ce yau koko salam. Haka maganin yake. Sun nuna da hotunan ƙwaƙwalwa cewa wani ɗan'uwan maganinki, citalopram, a miligiram 20 yana toshe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙofofin da yake aiki a kansu, a miligiram 5 kuma har yanzu yana riƙe da kusan kashi 60, a miligiram 2 da ɗoriya yana riƙe da kashi 40. Kin ga ke nan gutsuren da ido ke rainawa aiki babba yake yi. Daga 20 zuwa 10 tsani ɗaya ne gajere. Daga 5 zuwa babu, tsalle ne daga kan katanga.

Saboda haka ki koma wurin likitan a wannan makon, kada ki jira ranar da ya sa miki. In ganinsa zai ɗauki kwanaki, ki kira shi a salula. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ki faɗa masa duka, har tsawar da kika yi a aji, har tramol ɗin da aka kawo miki. Ki tambaye shi ko za ki koma adadin ƙarshe da kike zaune lafiya a kansa, kina sha kullum ba tsallake, ki tsaya nan mako biyu zuwa huɗu ko fiye har jiki ya kwanta. Wannan ba komawa baya ba ne, gyara tsayuwa ne. Daga nan sai a sauka da ƙananan matakai, kowane mataki wani kaso ne na abin da kike sha a lokacin, ba na ƙwayar farko ba. Wasu na jure rage kashi ɗaya cikin huɗu, wasu sai kashi ɗaya cikin goma. Ba a sake ragewa sai wahalar matakin baya ta wuce. In abin ya ci wata shida ko ya zarce, ba laifi, ba wanda ke jiranki da agogo.

Inda za a sha fama shi ne ƙananan adadin. Ƙwayar Deroxat tana da tsaga a tsakiya, tana rabuwa biyu lafiya, a kuma iya raba rabin. Ƙasa da haka hannu ba ya iya daidaitawa. A nan likita ke da zaɓi: ko ya nemo miki na ruwa in ana samu, a riƙa aunawa da sirinji, ko ya sauya ki zuwa fluoxetine ya sauke ki ta kansa, tunda shi yana fita a hankali. Wannan sauyi aikin likita ne, ba na farmasi ba, ba na Gwaggo ba, ba kuma na wata a WhatsApp da ta ce haka ta yi ba. Masu karanta mu da ke kan Laroxyl na ɗigo, ku naku ya zo da sauƙi, tunda ɗigo ɗaya miligiram ɗaya ne. Masu shan Effexor mai kwanso kuma kada su tauna shi ko su daka. Kuma kafin ki fara sauka, ki tanadi maganin da zai ishe ki wata biyu daga farmasi na gaskiya. Mutane da yawa ba da niyya suke yanke magani ba, ƙarewa yake a ranar da aljihu ya bushe ko aka nema a gari aka rasa. Wanda aka rubuta paroxetine a kwalinsa ba tare da sunan Deroxat ba, in daga farmasi ya fito, magani ɗaya ne, yakan kuma fi araha.

Wata ƙanwata ta bi wannan hanya, na gani da idona. Kowace Juma'a da hantsi takan zauna bakin gado da farantin tangaran da sabuwar reza, ta yanka na mako guda, ta zuba a wata 'yar kwalba mai murfi, ta ɓoye a inda rana ba ta kaiwa. Gefenta akwai littafin rubutu irin na 'yan lakwal, ta ja masa layi: kwanan wata, abin da ta sha, barcin awa nawa, jiri daga 0 zuwa 10, kuka ko babu. Ranar da na tarar da ita tana hawaye tana cewa ba za ta taɓa rabuwa da ƙwayar ba, littafin na ɗauka na buɗe mata. Muka bi layi-layi da yatsa. Sai ga shi duk ragin da ta yi, kwana na uku da na huɗu ne suka fi muni, zuwa kwana na goma lambobin sun sauko. Ta share ido ta ce, ashe yau kwana na huɗu ne. Ke malama ce, ja layi ba zai gagare ki ba. Ki fara daren yau, ki kuma tafi da shi wurin likita. Ya fi dogon bayani.

Kafin jiki ya daidaita, ki bi shi da lalama. Jirin nan juya kai da ido da sauri ke tayar da shi, don haka in za ki waiwaya a aji ki juya da jiki duka. In kin farka, ki zauna bakin gado ɗan lokaci kafin ki miƙe. Ruku'u da ɗagowa daga sujada in suna juya miki ɗaki, ki yi sallarki a zaune. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. In kina tuƙa babur zuwa lakwal, ki ajiye shi kwanakin nan. In kabu-kabu kike hawa, ki riƙe da kyau, ki ce ya bi a hankali, ranar Litinin da Juma'a kuma da hanyar kasuwa ke cunkushewa ki fita da wuri. Kada ki leƙa rijiya, kada ki ɗauki tukunyar ruwan zafi ke kaɗai.

Tashin zuciya ya fi son cikin da ba komai. Ki ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, koko da safe kafin ƙwayar, ruwan citta da lemun tsami, ki yawaita ruwa. Shayi mai kauri, Nescafé da goro ki bar su tun daga azahar, suna ƙara faɗuwar gaba suna korar barci. Ciwon jiki paracetamol ya ishe shi. Ibuprofen, diclofenac da aspirin sai kin tambaya, domin haɗa su da irin maganinki na ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Bayan la'asar in rana ta yi sanyi ki ɗan taka, ko zagayen unguwa ne da ƙaramin yaronki. Mafarkan kuma, in sun tashe ki, ki kunna fitila, ki yi addu'ar da kika saba, ki ce wa kanki da baki: maganin ne. Waɗannan magunguna suna danne barcin mafarki, in an rage su sai mafarkin ya dawo da yawa kamar ruwan da aka buɗe wa madatsa. Yana raguwa.

In azumi ya riske ki kina tsakiyar sauka, ki tsaya a matakin da kike har a sha ruwan salla, ki mayar da ƙwayar lokacin sahur kullum. Haka in zafin Afrilu da Mayu ya zo, ko lokacin jarrabawar yara. Ba a haɗa wa jiki kaya biyu.

Sai maganar gida, wadda ita ta fi tsaya mini a rai. Shekara biyu kina haɗiye ƙwaya da sunan olsa. Ban zarge ki ba, na san bakin mutane, na san yadda kalmar damuwa ke komawa hauka kafin ta kai ƙofar gida ta uku. Amma yanzu maigidanki na ganin matarsa tana kuka tana faɗa, bai san dalili ba. In ba ki ba shi dalilin gaskiya ba, zai nemo wani da kansa, ko a nemo masa: ko ta gaji da ni, ko sammu ne, ko iska. Ki zaɓi dare mai natsuwa bayan yara sun kwanta. Ki ce masa: Malam, tun rasuwar yaron nan likita ya ɗora ni a kan maganin damuwa, shi ya tayar da ni, yanzu ana rage mini shi ne jikina ke wannan abu, ina son ka raka ni asibiti ka ji da kunnenka. Shi ma fa ɗansa ne ya rasa. Wataƙila akwai abin da ya daɗe yana haɗiyewa.

Surukarki kuma kada ki yi jayayya da ita. Ta ga ɗiyar gidanta na firgita cikin dare, ta kawo abin da ta sani. Karatun Alƙur'ani da addu'a ba sa faɗa da magani, ki karɓa da hannu biyu, ki ce Inna a ci gaba da yi mini. Inda za ki ja layi shi ne duka, shaƙe mutum da hayaƙi, jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da duk wanda zai ce ki zubar da ƙwayar asibiti. Wannan layin maigidan ne ya fi dacewa ya ja shi da mahaifiyarsa, shi ya sa nake son ya fara sani.

Zancen ciki, Allah ya kawo mai albarka. Ki faɗa wa likitan wannan buri tun yanzu, domin paroxetine ba shi ne ake so mace ta shiga watannin farko na ciki da shi ba. An danganta shi da ɗan ƙarin haɗarin matsalar zuciya ga jariri. Wannan ba dalilin gaggawa ba ne, dalilin shiri ne: ku ɗan jinkirta har a sauka, ko a sauya miki wani da ya fi dacewa da mai ciki. In kuma kika ga ɓatan wata kafin nan, kada tsoro ya sa ki yanke maganin da kanki, ki je asibiti a makon. Zan kuma gaya miki gaskiya: cikin da ke biyo bayan rashi yakan tayar da tsohon miki, wadda ta taɓa ciwon damuwa kuma ana sa mata ido sosai bayan haihuwa. A wani gwaji da aka yi a Ingila aka wallafa a 2021, cikin mutane 478 da suka daɗe a kan magani, 56 cikin 100 na waɗanda suka bari ciwon ya dawo musu cikin shekara, 39 cikin 100 kuma a cikin waɗanda suka ci gaba da sha. Akasarinsu ciwon ya sha kama su a baya, ba sau ɗaya ba kamar ke. Da yawa sun rabu da magani lafiya, wasu kuma sun koma, ba kuwa abin kunya a ciki. In kin samu mai sauraron damuwa a asibiti, ko wata babba da kika amince da ita, ki yi zancen yaron nan. Ƙwaya ta ɗaga ki ta tsayar, amma ba ta yi miki zaman makoki ba.

Akwai abubuwan da ba a jira wa gari ya waye. In tunanin kashe kanki ya zo miki, ko kika ji gara a ce ba ki duniya. In kika kasa zama wuri ɗaya, ƙafa na ƙaiƙayin tafiya, ciki na tafasa. In kika yi kwanaki ba barci amma ba gajiya, ga surutu ga kashe kuɗi. In amai ya ƙi tsayawa, ko jijjiga, ko zazzaɓi da ruɗewa: ki tashi wanda ke kusa da ke ko tsakar dare ne, a kai ki babban asibitin jiha ko asibiti mafi kusa, da kwalin maganin a hannu. Faɗin irin wannan tunani ba ya rage imani, likita ya sha jin sa.

Yarinyar nan ta aji kuma, gobe kafin a shiga ki kira ta gefe. Ki dafa kanta ki ce, rannan Madam ba ta da lafiya ne, ba ke kika yi laifi ba. Ki ba ta alli ta rubuta kwanan wata a allo. In kin sake jin abin na tasowa a tsakiyar darasi, ki ba su aikin kwafa, ki fita baranda ki sha ruwa, ki ja numfashi har goma.

Bayan mako biyu ki sake rubuto mini, ɗiyata. Ina son in ji abin da likita ya yanke, da yadda kuka yi da maigidan, ki kuma kwafo mini lambobin jirin daga littafinki. Allah ya ƙara sauƙi, ki gaida yaran.

Gwaggonki